Bizar da Na Buga a Barandar Bature

Ku samarin da kuke karanta wannan, ba zan faɗa muku sunana ba, don babu abin da zai ƙara muku. Abin da ya kamata ku sani shi ne, kafin in zama abin da na zama, ni masinja ne a Nasarawa ta Kano, unguwar Turawa, a shekarun ƙarshe na mulkinsu. Ina da keken kamfani, da kaki mai shan guga, da ɗaki guda a boskwata bayan gidan maigidana. Ba na caca, ba na shan komai da ya wuce shayi, salla ba ta wuce ni. Da a lokacin wani ya ce mini zan ga cikin kurkuku, da na yi masa dariya har na riƙe ciki.

Wanda bai zauna a Nasarawa ta wancan zamani ba, bai san shiru ba. Gida nan, gida can, tsakaninsu fili da itatuwan dogon yaro, ko ihu ka yi maƙwabci ba zai ji ba. Babu dandali, babu mai tallan ƙosai, babu wanda zai leƙo ya ce ina kwana. Ni da na tashi a ƙauye inda ko tari ka yi sai an tambaye ka lafiya, sai na tsinci kaina ina cin tuwo ni kaɗai a bakin ƙofa, ina sauraren cokulan Turawa suna ƙara a kan faranti. Abokin hirata ɗaya ne, Danladi kuku, Kirista daga kudancin Zariya, shi ma ba mai yawan magana ba ne. Kewa ta ci ni ƙwarai a wajen nan, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba.

Maigidana Baturen wani kamfanin sayen gyaɗa ne, yana yawan tsallakawa ƙasar Faransi wajen Damagaram. Ta wurinsa na fara jin kalmar biza. Shi zai miƙo mini ɗan littafinsa na fasfo, in hau keke in kai ofishin wakilin waccan ƙasa, in dawo, bayan wasu kwanaki in koma in karɓo an buga hatimi a ciki. Da yawan zirga-zirga na gane yadda abin yake. Fasfo gwamnatinka ce take ba ka, shaida ce cewa kai nata ne. Biza kuwa izini ne na ƙasar da za ka, mutanenta ne kaɗai suke bayarwa a ofishinsu, bayan sun ga fasfonka da hotonka da katin allurar rigakafi, sun kuma gamsu kana da guzurin zuwa da na dawowa. Ilimin nan ba shi da yawa, amma a lokacin mutum zai yi yini yana yawo cikin birni bai sami wanda ya san shi ba.

A wannan zirga-zirga nake haɗuwa da maniyyata. Za ka gan su a gindin itace kusa da ofisoshin gwamnati, mutanen karkara da buta da ƙullin kaya, sun zo neman takardun tafiya Makka ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Ran nan na nuna wa wani ofishin da ake yin fasfo, ya ba ni goro biyu, ya yi ta sa mini albarka. Wallahi albarkar ta fi goron yi mini daɗi, don na daɗe ban ji wani ya yi mini magana mai taushi ba. Daga nan sai na riƙa tsayawa da gangan. Daga goro aka koma ɗan abin shayi. Daga nuna hanya na koma cewa, “Ai wurin nan sai da sani, ku kawo in shigar muku.” Sai na lura duk lokacin da na ƙara wa abin wahala a bakina, hannunsu yana ƙara nisa cikin aljihu. Ban ɗauki wannan sata ba, na ce ladan gajiya ne.

Ana nan sai maigida ya tafi hutu Ingila da uwargida, hutun nan nasu mai cin watanni. Ya bar mini makullan gida don in riƙa buɗe tagogi iska tana shiga. Ranar da na fara zama a kujerarsa a baranda, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, a ranar Shaiɗan ya sami wurin zama kusa da ni.

Ga abin da na sani game da mutanenmu na karkara, wanda shi ne jarina. A wurinsu duk gidan da ke Nasarawa gwamnati ne. Ba su bambanta gidan Razdan, babban Baturen mulki, da gidan mai sayen gyaɗa ba. In dai akwai shinge da furanni da farin fenti, to hukuma ce a ciki, abin da aka buga a wurin kuwa ya bugu. Na je Sabon Gari na sa wani mai sassaƙa hatimi ya yi mini guda, da hoton dabino da ’yan haruffan Larabci irin waɗanda na taɓa gani a fasfon wani alhaji. Na fito da teburin maigida baranda, na shimfiɗa masa koren ƙyalle, na sa tabarau wanda ba na ganin komai da shi sai hazo. Fasfo da allura ina kai su a yi musu na gaskiya, don wannan ba wuya. Bizar ce, wadda sai an aika an jira, nake ce musu an ba ni izinin bugawa a nan. Tun daga bakin shinge suke tuɓe takalma.

Danladi ya tsaya a ƙofar kicin wata rana yana goge hannu, ya dube ni ya ce, “Ɗan’uwa, mutanen nan wurin Allah za su fa. Ka sani?” Na ce masa ya je ya ji da tukunyarsa, ai Larabawa ba sa duba takarda, in sun ga Musulmi sai su buɗe hanya. Ban san ko haka ne ba, na faɗa ne don in sami barci. Daga ranar ya daina zama hira da ni, sai gaisuwa.

Cikin waɗanda suka zo akwai wani dattijo da zan kira Baba Manu, ba sunansa ke nan ba, kuma garinsu ma ba zan ambata ba. Siriri ne, gemunsa fari fat, yana da irin murmushin mutumin da bai taɓa zaton sharri daga kowa ba. Ya durƙusa a gaban teburin ya ce, “Ranka ya daɗe, Malam Akawu.” Mutumin da ya isa ya haifi ubana. Na ce ya tashi ya zauna, ya ƙi, ya ce ƙasa ta ishe shi.

Da yake yana jiran fasfonsa ya fito, sai ya riƙa zuwa kullum da la’asar ya zauna a gindin mangwaron gidan, muna hira. Shi ne mutum na farko da ya taɓa tambayata ina iyayena, ina ci ina ƙoshi kuwa, me ya hana ni aure. Ya ba ni labarin fitowarsa. Ya sayar da gonarsa da shanun nomansa. Ya bi gari gida gida yana neman gafara, kamar yadda maniyyaci yake yi, har wurin wanda suka yi shekaru ba sa ga maciji saboda iyakar gona. Ranar tafiya duk garin suka rako shi har bakin hanyar mota, maza da mata, ana kuka ana addu’a. Kowa kuma ya ba shi saƙo. Ba saƙon kaya ba, saƙon addu’a. Wata mata da ba ta taɓa haihuwa ba ta ce in ya ga Ka’aba ya ambaci sunanta. Wani makaho ya ce a roƙa masa cikawa da imani. Liman ya ce a roƙa wa garin ruwan sama. Baba Manu bai iya rubutu ba, a ka ya riƙe su duka, yana bitarsu bayan kowace salla don kada ya manta da kowa.

Na ji duk wannan da kunnena. Na so mutumin nan, Allah ya sani na so shi. Amma ranar da fasfonsa ya fito, na buɗe shafi, na hura wa hatimi iska, na danna. Na gaya wa kaina in na ƙi buga masa, sauran za su tambayi dalili. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai goshi, ya ce, “Ɗana, kai kuma me zan roƙa maka a can?” Na ce ya roƙa mini albarka a sana’ata. Ya ce in sha Allahu ba zai manta ba. Da gari ya waye shi da sauran maniyyatan suka hau babbar mota ta Maiduguri, hanyar ƙasa da talakawa suke bi har su kai Sudan.

Kafin maigida ya dawo na mai da tebur ɗaki, na jefa hatimi a rijiya, na koma kan kekena kamar ban taɓa yin komai ba. Abin da na tara bai yi mini auki ba, ya tafi a riguna da agogo da ciyar da abokan da ba su san ni ba sai ranar da aljihuna ya yi nauyi. Watanni suka wuce har na fara sakin jiki.

Wata safiya ina goge keke, sai ga ’yan sanda da mutum uku a bayansu, sun rame sun yi baƙi, kayansu sun yage. Da ƙyar na gane su, cikin maniyyatan da na buga wa hatimi ne. Ashe sun yi makonni a hanya, sun ƙetare ƙasar Chadi, da suka isa iyakar Sudan ma’aikaci ya buɗe fasfo ya ce wannan hatimin ba nasu ba ne, ba na Makka ba ne, ba na kowa ba ne. Aka tsare su, aka koro su. Guzuri ya ƙare a hanya, wasu suka yi ƙodago a gonakin mutane kafin su sami na mota. Ɗaya ya nuna barandar ya ce, “Nan ne ofishin.” Maigida ya fito da kofin shayi a hannu, ya dubi barandarsa, ya dube ni.

A gaban majistare ban yi gardama ba. Na dudduba cikin masu ba da shaida ko zan ga Baba Manu, ban gan shi ba. Na tambayi ɗaya daga cikinsu a bakin kotu, ya tofar da yawu ya ce tare suka dawo har Kano, amma tsohon ya ce shi ba zai tsaya inda za a kira sunansa da na garinsu a bainar jama’a ba. Aka yanke mini shekaru.

Ba zan cika ku da labarin kurkuku ba. Akwai duka, akwai ƙwarƙwata, akwai aikin fasa dutse, amma duk ba su kai ranar ziyara ciwo ba. Gandiroba zai tsaya yana kiran sunaye, kowa ya tashi da sauri, ni ina zaune ina tsinkar zaren bargo. Mutanen garinmu sun ji abin da na yi wa maniyyata, ko ɗaya bai tako ba, kuma ban ga laifinsu ba. Hatta ɓarayin akuya da muke ɗaki ɗaya suna ganin sun fi ni daraja, in za a yi jam’i ba sa so kafaɗata ta taɓa tasu. Sau ɗaya aka kira sunana. Danladi ne, ya kawo mini ƙuli-ƙuli da sabulu, ya ce maigida ya sallami kowa zai koma ƙasarsu, shi ma gida zai tafi. Ranar da aka sami mulkin kai ina ciki. Muka ji kiɗa da guɗa ta bayan katanga, aka ba mu shinkafa da nama, na ci nawa a lungu.

A nan na tuba, ba don wani ya yi mini wa’azi ba. Abin da ya karya ni shi ne tunanin tsohon nan yana bitar sunayen mutanen garinsu a bayan mota, har da nawa a ciki.

Da aka sake ni ban san inda zan nufa ba, ƙafata ta kai ni Nasarawa neman ko aikin share fili. Turawa sun ragu, manyan ma’aikatanmu sun shiga gidajen, amma shirun yana nan yadda na bar shi. Ina tafe ina leƙa ƙofofi, sai na ga wani maigadi zaune a kan buzu a bakin wani gida, da sanda a gefensa. Na yi sallama. Ya ɗago kai. Ashe Baba Manu ne, na zube a gabansa.

Ya dube ni ya ce, “Malam Akawu. An sako ka?”

Na ce, “Baba, ni ba akawu ba ne. Ban taɓa zama akawu ba.”

Ya ce, “Na sani yanzu. Tashi daga rana.”

Na yi kuka, na nemi gafara, ya ce ya yafe, a taƙaice, kamar mai son a wuce wurin. Na ce to ya tashi in raka shi garinsu, in tsaya gaban dagaci da liman in faɗi cewa ni na cuce shi, ba laifinsa ba ne. Sai ya kama hannuna da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba.

“Kul. Ka rufa mini asiri. Su a can sun san ina Makka. Mai tafiya ta ƙasa yakan yi shekaru, babu wanda zai yi mamaki. In na koma, matar nan za ta fito ta tare ni ta ce, Alhaji, ka faɗi sunana? In ce mata me? Mutanen da suka rako ni har bakin hanya suna kuka, in shiga musu gari da rana tsaka hannu wofi? Saƙonsu yana wuyana, ban kai ba. Sai na kai zan koma.”

Ashe gadin da yake yi, tara guzuri yake daga farko. In ya hango mai kama da mutanen yankinsu a hanya, sai ya ja rawani ya rufe fuska. Kasuwa ba ya shiga, masallacin Juma’a ma can bayan sahu yake tsayawa, ya fice kafin a watse. Shekarun da na yi a kurkuku, shi ma ya yi su a bakin ƙofar nan, shi da bai yi wa kowa komai ba.

Na sami aikin ban ruwan furanni a wani gida kusa, na ce wannan karon da ƙafata zan bi masa hanyar gaskiya. Muka sake yin fasfo, don na farkon an riƙe shi. Muka je asibiti aka yi masa allura aka ba shi kati. Na kai shi wurin hukumar da aka ɗora wa sha’anin alhazai, ya zauna da kansa a gaban ma’aikaci, aka yi masa tambayoyi ya amsa, aka ce za a aika wa wakilan Makka su buga biza in guzuri ya cika. Babu tuɓe takalmi, babu durƙuso. Da muka fito ya ce, “Ashe iyakar abin ke nan?” Na kasa dubansa.

Guzurin ne bai cika da wuri ba. Abin da nake samu da wanda yake samu muna haɗawa, aikin hajjin bana ya wuce, muka sa rai ga na baɗi. Da damina ta tsaya sai tari ya kama shi. Na yi jinyarsa a ɗan ɗakinsa na gadi. Ko a cikin zazzaɓi bakinsa yana motsi, in na kasa kunne sai in ji sunaye ne yake jerawa. Ranar da jikin ya yi tsanani ya ce in matso, ya ce, “Ka yi mini alkawari ba za ka aika gida ba.” Na yi masa. Da ya cika, mu kaɗan muka kai shi makwancinsa, ni da masu gadin maƙwabta da direban gidan.

Bayan shekaru, ina sayen gero a kasuwa, hira ta haɗa ni da wani mutum, da ya ambaci garinsu sai na ji garin su Baba Manu ne. Na tambaye shi a kaikaice ko ya san wani dattijo da ya tafi Makka tun zamanin Turawa. Fuskarsa ta washe. Ya ce, “Alhaji Manu! Ai shi Allah ya so shi, can ya riƙe shi. Ƙasa mai tsarki ta karɓe shi. Matar da ta ba shi saƙo ma ta haihu, sunansa aka sa wa yaron.” Na ce Allah ya jiƙansa. Ya ce amin, ya auna mini gerona, na tafi.

To, samari, na ga yadda idonku yake kan tafiya, wannan yana son karatu a waje, wancan yana son Makka, wancan fatauci. Ku tafi, Allah ya kiyaye hanya, amma ku riƙe abin da zan faɗa. Biza ba ta da dillalin da zai buga muku ita a baranda ko a gindin itace. Ƙasar da za ku ita ke bayarwa, a ofishinta ko ta hannun hukumar da aka sani. Ku je da ƙafarku, ku yi tambaya ba kunya, ku kai abin da aka nema, ku yi haƙurin jira. Duk wanda ya ce muku wurin sai da sani, ku kawo ya shigar muku ta bayan gida, ku dube shi da kyau, irina ne.

Wanda kuma Allah ya ba shi ɗan sanin da na kusa da shi ba su da shi, ya ji tsoron ranar da zai fara ƙara wa abu wahala don a ba shi goro. Ni daga nan na fara. Na yi zaman kurkukuna na gama, hukuma ba ta bina komai. Amma akwai kabari a Kano wanda duk duniya ni kaɗai na san ainihin na wane ne, ni kaɗai nake zuwa in cire masa ciyawa, kuma in na mutu babu mai zuwa.